Madam da Rediyo a Gidan Hajiya Luba

SHAFI NA 19

Jama'ar wannan zaure, na ga saƙonninku duka. Wata baiwar Allah har ta rubuto mini cewa idan na bari aka ɗaura wa Hajiya Luba aure da Alhaji Nomau, to ita da karatun labarina har abada. Ki zauna, 'yar uwa, ba ni na yi rantsuwar ba. Ku gyara zama.

*

Juma'ar da Yaya Abdulmumin ya yanke ta zo, Hajiya Lubabatu kuwa ba ta shirya mata ba.

Tun da hantsi ta ɗora kaskon ƙuli-ƙuli. Yau ba a wurin da ta saba ta kafa murhu ba, ta ja shi can gindin bishiyar bedi kusa da randa, wai inuwa take so. Shatu, mai taya ta aiki, tana murza tunkuza tana jefawa cikin mai. Hajiya tana riƙe da matsami, amma hankalinta kaf yana kan maguna biyun da suka hana ta sakat.

Ta farko ga ta nan kwance a jikin randa, ta manna ciki da danshin ƙasa. Fara ce sol, gashi buzu-buzu har yana share ƙasa, hanci a lotse kamar ta yi karo da ƙofa. Irin ta Farisa ce. Hajiya ta sa mata suna Madam, don tunda ta shigo gidan ba ta taɓa yin wani aiki da ya fi miƙa wahala ba. Ba ta cin tuwo. Ba ta kallon ƙanzo. Sai sardin, shi ma sai an cire mata ƙaya. Kullum sai an taje ta, in ba haka ba gashin ya dunƙule. Idan kuran, wato lantarki, ya ɗauke, bantilater ya daina kaɗa iska, sai ta buɗe baki tana haki, Hajiya ta ɗauko mafici ta zauna tana yi mata fifita. Hajiyar da ko marigayi mijinta sai yana zazzaɓi yake samun wannan gata.

Ta biyu tana kan katanga tana zirga-zirga. Siririya ce, jikinta launin madara, fuska da kunnuwa da jela baƙaƙe, ido shuɗi. Irin ta Siyam. Ita sunanta Rediyo, kuma ta ci sunan. Daga asuba take buɗe tasha, ba ta rufewa sai barci ya sace ta. Ta bi ka madafa, ta bi ka ɗaki, ta tsaya a ƙofar banɗaki tana ba ka labari. Tana buɗe murfin kwano da hannu kamar mutum. Amma duk safiyar Allah sai ta ajiye ɓera a bakin ƙofar Hajiya, ta zauna a kansa tana shela har maƙwabta su ji.

Matsalar ita ce Madam ta Mushe Tahiru ce, kamar yadda ake kiran malaman boko, tsohon daraktan lakwal, wato shugaban makaranta, mutum mai sanyin magana wanda in ya gaishe ta sai ta rasa inda za ta sa idonta. Rediyo kuwa ta Alhaji Nomau ce, dillalin gyaɗa daga Droum, wanda in yana raɗa a Birni ana jinsa a Zango.

Duk abin ya samo asali ne daga bakinta. A gidan suna ta yi ƙorafin ɓeraye sun gama da gyaɗar da ke mangazarta, wato ɗakin ajiyarta, ta ce ita yanzu mage take nema. Mata suka kai magana inda ba a aike su ba. Kafin a je ko'ina, masu zawarcinta biyu kowa ya aiko da tasa.

Yayanta Abdulmumin, wanda shi ne waliyyinta, ya gaji da dafa wa maza biyu shayi a zaurensa. Ya tara su gaban limamin unguwa, ya kira ta ya ce ta faɗi wanda take so. Mace mai jikoki ta buɗe baki gaban yayanta ta kama sunan namiji? Ai gara ƙasa ta tsage ta shige. Sai ta rufe fuska ta ce wallahi tallahi ita ba ta san zancen maza ba, mage ta nema, wadda ta kama ɓera ita ce za ta zauna a gidanta. Yaya ya ce shi ke nan, an huta: ranar Juma'a bayan la'asar za su zo, magen da suka tarar a gidan ita ce amsa.

A ranar, Hajiya har murmushi ta yi a ƙarƙashin mayafi. Ta ga Madam ƙatuwa, ga geza kamar ta zaki, ta ce wannan ai ko gafiya sai ta yi sallama kafin ta shigo. Ba ta san duk gashi ba ne.

Jiya ma sai da ta yi ƙoƙarinta na ƙarshe. Ta hana Madam sardin tun safe, ta kulle ta a mangaza. Da ta buɗe da yamma, ta tarar da ita can saman buhuna ta naɗe ƙafafu, ɓeraye biyu suna kai da kawowa a ƙasa hankali kwance. Madam ta dube ta da irin kallon da matar babban ma'aikaci take yi wa direban da ya makara.

Da safen nan kuma 'yarta Raudatu ta turo saƙon murya daga Yamai, ita da ta karanta komai a salula. Ta ce Mama ta duba gidanta ta duba sana'arta kafin ta zaɓa. Ta Farisa ta gidan kilim mai sanyaya ɗaki ce, gidan da babu hayaƙi, babu mai, babu tunkuzar da gashi zai faɗa ciki. Ta Siyam ita ce ta zafi, ita ce mai kuzari, illarta kawai surutu da son a kula ta. Ta rufe da cewa ita dai maganar maguna take yi, ba ta ce komai ba. Sannan ta tuntsire da dariya kafin saƙon ya yanke.

Shatu kuwa 'yar Droum ce, ba ta ɓoye ɓangarenta. Tana murza ƙuli tana ta jero alherin Alhaji: ga gona, ga mota, ga gyaɗa sai dai a ce ta isa. Ta ce shi Mushe me yake da shi ban da littattafai da tsohon keke. Hajiya ta ce mata ta mai da hankali kan aikinta, ƙulin yana fita ba daidai ba.

Ba ta rufe baki ba sai wani abu ya taso daga bayan katanga. Ya yi sama, ya juya a iska, ya faɗo tsulum cikin kasko.

Mai ya fantsama. Shatu ta yi baya ta zauna cikin kwanon tunkuza. Madam ta buɗe ido ɗaya ta mayar ta rufe.

Hajiya ta sa matsami ta tsamo abin.

Ɓera ne. Matacce, da jelarsa da komai, har ya fara soyuwa.

Tana tsaye riƙe da shi tana salati, na biyu ya biyo baya. Shi ya faɗi daidai gaban hancin Madam. Madam ta tashi a hankali, ta matsa gefe, ta sake kwanciya. Rediyo ta diro daga katanga kamar dama jira take, ta cafe shi, ta ruga bakin ƙofar ɗakin Hajiya ta ajiye, ta zauna a kai ta fara shela.

Hajiya ta dubi Rediyo. Ta dubi katanga. Ta sake duban Rediyo.

Ko takalmi ba ta saka daidai ba, ta fizgi mayafi ta fita ta zaure, ta zagaya lungun bayan gida, matsamin yana hannunta.

A can, kusa da wani ƙaton dutse irin na Birni, wani mutum ne tsaye cikin farin kaftani na Juma'a, an goge shi ƙal. Ga tabarau, ga biron bik a aljihu, ga tsohuwar jakar fata, sakoshi, rataye a kafaɗa. Ya ja ƙafa ɗaya baya, ya rufe ido ɗaya yana auna katanga, hannunsa na dama yana lilo da abu ta jela.

"Mushe."

Hannun ya tsaya a sama. Ya juyo a hankali.

"Hajiya. Barka da Juma'a."

"Mene ne wannan a hannunka?"

Ya dubi hannun kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

"Bon... ɓera ne."

Ta ce ta ga ɓera ne, ba makauniya ba ce. Abin da take tambaya shi ne me daraktan lakwal, mutumin da rabin ma'aikatan garin nan suka bi ta hannunsa, yake yi da ɓera a bayan gidanta ranar Juma'a.

Mushe Tahiru bai iya ƙarya ba, wannan kowa ya sani. Ya mayar da ɓeran cikin sakoshi, ya rufe maɓalli, ya share hannu da hankici, sannan ya yi mata bayani dalla-dalla kamar yana gaban allo. Tun kashegarin rantsuwarta ya sayi tarkuna. Ya ɗana a gidansa, ya ɗana a shagon maƙwabcinsa mai hatsi, har masallacin unguwarsu ya roƙi ladan ya bar shi ya ɗana a ɗakin tabarmi, ladan yana ta sa masa albarka. Duk safiya in ya fito masallaci sai ya biyo ta lungun nan. Ya san Madam a gindin randa take kwana, ya san randa tana ƙarƙashin bedi, shi kuma bedin ana hango shi daga waje. Sauran lissafi ne kawai. Yau da yake ranar ƙarshe ce, ya ga gara ya ƙara zuwa da rana da duk abin da ya rage masa.

Hajiya ta tambaye shi ko ya taɓa tunanin wa yake kwashe su idan sun faɗo.

Ya ce Madam mana.

"Madam ko sansana su ba ta yi, Mushe. Rediyo ce take kwashewa ta kawo mini ƙofar ɗaki."

Ya cire tabarau. Ya mayar.

"Wato duk waɗannan ɓerayen da ake cewa magen Alhaji ta kama..."

"Naka ne. Tun farko kai kake yi wa Alhaji Nomau kamfen."

Mushe ya nemi dutsen nan ya zauna, bai ko kaɗe ƙurar ba. Hajiya kuwa sai yanzu ta gane abin da ya daɗe yana ɗaure mata kai, yadda za a ce mage tana kamu kullum amma gyaɗa ba ta daina raguwa a mangaza ba. Ashe duk su biyun babu mai aikin fari. Ɗaya ta iya kwanciya, ɗaya ta iya talla.

Dariya ta taso mata har wuya, ta danne. Da ta dubi fuskarsa sai dariyar ta koma da kanta. Ba ta taɓa ganin dattijo ya yi laushi haka ba, kuma tausayinsa ya kama ta ƙwarai.

Ya yi magana ba tare da ya ɗago ba.

"Na san ba mai kamu ba ce. Tun ranar da 'yata ta aiko ta na gane. Amma na ga shekara da shekaru kina cikin hayaƙi, komai na gidanki aiki yake yi, har ke. Na so ki sami abu ɗaya wanda ba ya komai, kallonsa kawai za ki yi ki ji daɗi."

Wallahi tun rasuwar mai gidanta babu wanda ya faɗa mata magana ta shige ta haka. Amsar tana nan kan harshenta, 'yar gajeruwa, kalma uku ko huɗu. Ta buɗe baki za ta faɗa.

Sai ta ji ƙarar ƙyaure. Maƙwabciyarta matar tela ta leƙo, wai shara za ta zubar. Ta gidan gaba ita ma ta fito da buta, babu abin da za ta wanke. Can ƙarshen lungu wata ta tsaya da tulu a ka, ta fasa tafiya.

Kunya ta rufe Hajiya tun daga ka har ƙafa. Ita kuma haka Allah ya yi ta, in kunya ta kama ta faɗa take zama. Ta ɗaga matsami ta hau shi da masifa. Ta ce ya ɓata mata mai kasko guda, yanzu sai dai a zubar. Ta ce ƙulin mutane ne da za a kai kasuwar Dole. Ta ce girma ya kama shi amma bai kama girma ba. Duk tana yi tana satar kallonsa, ko zai gane na idon mutane ne.

Mushe bai gane ba. Mutumin da ya iya lissafin katanga bai iya wannan ba. Ya miƙe, ya gyara sakoshi, ya ce gaskiyarta ne. Ya ce a zamaninsa ya fitar da yara da yawa daga ɗakin jarrabawa saboda satar amsa, kuma bai taɓa barin wanda aka kama ya zauna jiran sakamako ba. Ya ce ta yafe masa man da ya ɓata. Ya gaida matar tela da ladabi, ya ja kekensa da ke jingine ya tafi.

Hajiya ta koma gida tana huci. Ta ɗauka magana ce kawai irin ta malaman lakwal, da komai sai sun kawo jarrabawa a ciki. Ta sa Shatu ta zubar da man, ta ƙanƙare kaskon da toka. Ita kuma ta shiga wanka, ta daɗe a ciki, don a nan ne kaɗai za ta yi dariyarta ta yi hawayenta babu mai gani.

*

Ana sallame la'asar suka iso.

Yaya Abdulmumin a gaba da sandarsa, Liman yana biye, sai Alhaji Nomau cikin babbar riga mai aiki har gwiwa, turare yana riga shi shiga zaure. Bai zo hannu sake ba. Direbansa ya sauke huhun goro da kwalin dabino a bakin ƙofa, wai kada a yi wahalar komawa kasuwa.

Aka shimfiɗa tabarmi. Wurin Mushe ya zauna babu kowa. Hajiya, da take zaune daga ciki jikin ƙofar zaure, lulluɓe har goshi, ta lura da wurin tun kafin kowa. Ta ce a ranta kunya ce ta riƙe shi, zai zo.

Alhaji Nomau bai jira an ba shi dama ba. Ya ɓare goro ya jefa a baki, ya fara ba Liman tarihin magensa: daga hannun wani Balarabe ya karɓo ta a Maradi, uwarta ma haka take, kakarta kuwa har maciji take kamawa. Ya ce shi duk abin da zai kawo gida mai amfani yake kawowa, ba kayan ado ba. Ya ce in an ɗaura, Hajjaju ta daina sayen gyaɗa har abada, sai dai ta nuna buhu da baki a sauke mata.

Yaya ya bar shi ya gaji don kansa, sannan ya gyara murya. Ya ce magana a fili take. Luba ta yi rantsuwa gaban shaidu, kuma duk unguwa ta shaida wace mage ce take kamu, don ita magen ba ta bar kowa cikin duhu ba. Ya ce saura a mayar wa Mushe tasa cikin mutunci, a yi fatiha.

Hajiya ta auna abin a ranta. Hanya mai sauƙi tana gabanta. Abin yi kawai shi ne ta buɗe baki ta ce ɓerayen nan duk na tarko ne, daga bayan katanga suke zuwa, rantsuwa ba ta hau kanta ba. Amma sai an tambayi wa yake jefowa. Kafin magariba labarin ya zaga Birni, gobe ya kai Sabon Gari. Yaran da ya koyar, waɗanda yau jandarmomi ne da likitoci, su riƙa nuna shi a hanya. Matar tela ta ga faɗa ne kawai, ba ta ga abin da ke cikin sakoshi ba. In ita ta rufe bakinta, babu mai sani.

Liman ya ɗaga hannuwa zai fara addu'a.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya."

Muryar ta fito siririya, ita kanta ba ta gane ta ba. Liman ya sauke hannu ya ce Bismillah.

"Wanda ya yi rantsuwa, ya ga ba zai iya cikawa ba, miskinai nawa zai ciyar?"

Alhaji Nomau ya tsaya da tauna, goro ya tokare masa kunci. Yaya ya zuba wa sandarsa ido kamar yau ya fara ganinta.

"Goma ne, Hajiya," in ji Liman.

"Shatu, auno shinkafa. Ki ɗora babbar tukunya."

Shi ke nan ta faɗa. Ba ta kama sunan kowa ba, amma ko bangon zauren ya ji wanda take nufi. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, kunya da daɗi suna kokawa a ƙirjinta.

Alhaji ya haɗiye goron da ƙyar. Ya ce wannan wace irin magana ce, ana zaune ƙalau. Ya ce shi bai taɓa jin an yi kaffara a kan mage ba. Liman ya ce ai ba a kan mage ba ce, a kan rantsuwa ce, kuma ƙofa ce da shari'a ta buɗe. Yaya ya shafa gemu ya ɓoye murmushin da ke bakinsa, ya ce tunda haka ne a samo buhu a saka ta Alhaji, a fito da farar shaidu su gan ta, a aika a kira Mushe.

Shatu tana tsaye da mudu a hannu, ba ta motsa ba.

Hajiya ta ce mata ta duba ƙarƙashin gado, can Madam take shigewa in rana ta yi zafi.

Shatu ta ce ba ta can.

Ta ce to ta duba bayan randa.

Shatu ta sosa kai da gindin mudu. Ta ce ai lokacin da Hajiya take wanka, Mushe ya yi sallama a ƙofa da kwando. Ya ce a ba shi magensa, ya janye, ba ya so Hajiya ta sha nauyin mayar masa da ita gaban mutane. Ya ce a gaishe ta. Ya ce kuma zai bi motar yamma zuwa Damagaram Takaya wurin ƙanensa, sai bayan bikinta da Alhaji ya dawo.

Hajiya ta yaye mayafin daga fuskarta, ta manta da su wa ke zaune. Ta tambayi Shatu me ya hana ta faɗa tun ɗazu.

"Ba ki tambaye ni ba, Hajiya."

Alhaji Nomau ya dawo hayyacinsa nan take, har ya ƙara ɓare wani goron. Ya ce alhamdulillahi, Allah ya raba gardama. Kaffara tsakaninta da Ubangijinta ne, ta ciyar da ɗari ma in ta so, shi zai ba da shinkafar. Amma maganar waliyyi daban take, kuma da kunnensa ya ji ta: magen da aka tarar a gida bayan la'asar ita ce amsa. Ya ce a duba gidan nan lungu-lungu, in an sami mage biyu ya yafe.

Kamar an kira ta, Rediyo ta shigo zauren tana ɗaga jela. Ta haye cinyar Alhaji ta zauna, ta dubi jama'a da shuɗin idonta, ta buɗe tasha.

Yaya Abdulmumin mutum ne da bai taɓa yin magana ya janye ba, ko a cinikin akuya. Murmushin nan ya bar fuskarsa. Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi Alhaji, ya ce shi dai abin da ya faɗa ya faɗa, kuma gaban Liman ya faɗa.

Liman ya leƙa ƙofa ya dubi inuwar katanga. Ya ce haka ne, ba a canza maganar waliyyi. Sai dai shi a iya karatunsa, bayan la'asar yana nan bai ƙare ba sai ladan ya kira magariba. Ya faɗi haka yana kallon rufin zaure, kamar ba da kowa yake ba.

Hajiya Lubabatu ta miƙe.

Matar da ko gidan biki ba ta zuwa sai an aiko mata mota, matar da take cewa hawan kabu-kabu na 'yan mata ne marasa kamun kai, ta cire mayafi daga ka ta ɗaure shi tamau a ƙugu. Ta tsallake huhun goro, ta tsallake kwalin dabino, ta tsallake takalman Alhaji. Tana fita ta ɗaga hannu ta tsayar da wani mai babur da ke wucewa, ta ce masa tasha, kuma kada ya ji tausayin ƙashinta.

Yaya ya biyo ta har bakin ƙofa, sanda a hannu, matan unguwa duk sun fito sun yi cirko-cirko.

"Luba, kanki ɗaya kuwa? Ina za ki a haka?"

Ta tattare zani, ta ɗaga ƙafa ta haye bayan babur, sannan ta waiwayo ta dube shi ido cikin ido.

"Biko, Yaya."